Ƙafar da Ba A Tausawa

Ban je Haɗeja don in koyi wani abu ba, takarda na je karɓa. Gwamnatin jiha ce ta fito da doka cewa duk mai sana'ar tausa, mace ko namiji, sai ya yi rajista, ya zauna horo na kwana biyar, ya ci jarrabawa, sannan a ba shi takardar shaida. Wanda aka kama yana taɓa jikin mutane babu ita, shi da hukuma. Da mai unguwa ya kawo mana labarin a Garin Zarami, dariya na fara yi, daga baya raina ya ɓaci. Shekara ashirin da biyu ina tausar masu jego da tsofaffi da masuntan da sanyin ruwa ya riƙe wa baya. Daga ƙauyenmu har cikin Guri babu wanda bai san Fanna mai tausa ba, amma wai sai wani mai biro ya sa hannu kafin a yarda na iya.

Kakata Yakaka, wadda ta raine ni kuma ta koya mini sana'ar, cewa ta yi ita ta wuce zaman benci, in je in karɓo mana mu biyu.

Lokacin ma bai yi mini daɗi ba. 'Yata Adila ta zo gida haihuwar fari, ta sami namiji, kwana goma sha ɗaya ke nan. Bayan suna da kwana biyu ƙafarta ta hagu ta kumbura daga idon sawu zuwa gwiwa, tana cewa bayan ƙwaurin yana yi mata kamar an ɗaure da igiya. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mukan ce ragowar jinin haihuwa ne ya sauka ya kwanta, maganinsa a ɗuma man kaɗanya a tura shi sama ya koma inda ya fito. Yakaka ta tafi Guri gaisuwar mutuwa, don haka ni na yi mata, safiyar Asabar da safiyar Lahadi. Ta yi kuka, na ce ta yi mini shiru, wadda ta iya naƙuda ba wannan ne zai gagare ta ba. Yakaka ta dawo Lahadi da yamma a gajiye, ban dame ta ba. Sai Litinin da sassafe, ina saka takalmi, na leƙa ɗakinta na ce, "Kaka, ƙafar Adila ta ɗan yi nauyi, na fara mata. In ta fito wankan la'asar ki ci gaba. Ki danna da kyau, kar ki biye wa kukanta."

Ta amsa cikin magagin barci, ni kuma na kama hanya.

Mu arba'in da uku ne a ɗakin taron. Mai koyarwar wata Malama Bashira ce daga sashen gashin ƙashi, yarinya siririya da ba ta fi Adila da shekara biyar ba. Yatsunta na fara kallo. Na ce a raina, wannan in aka ba ta kafaɗar masunci ta murza, ita ce za ta nemi mai tausa. Awa guda ta ɓata tana koya mana wanke hannu da yanke farce da neman izinin mutum kafin a taɓa shi, kamar daga daji aka kamo mu. Na jingina da bango a layin baya ina gyangyaɗi.

Wajen sha ɗaya da rabi ta kunna majigi, ta ce yanzu za a shiga wuraren da ba a tausawa. Hoton ƙafafu biyu ya fito a bango, ɗaya lafiya, ɗaya ta cika tana ƙyalli.

"Wa ya taɓa ganin irin wannan?"

Hannuwa suka tashi, har da nawa.

"Me kuke yi mata?"

Ni da bakina ba ya shiru, na ɗaga murya don kowa ya san akwai wadda ta san aikin. "Mai ake ɗumawa a tura sama."

Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta ce, "Mama Fanna, sama zuwa ina?"

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ba ragowar jinin haihuwa ba ne, jini ne yake daskarewa a cikin babbar jijiya, ya zama guda kamar kindirmo. Ta ce masu jego ya fi kamawa, musamman wadda ta daɗe a kwance. Alamarsa ƙafa ɗaya ce take kumbura, ta fi 'yar'uwarta zafi, bayan ƙwauri yana ciwo. Muddin gudan yana manne a wurinsa, akwai allurar da ake yi a asibiti ya narke a hankali. Amma in aka danna, wani yanki yana iya ɓallewa ya bi jijiya, ya ratsa zuciya, ya je ya toshe huhu.

"Mace tana zaune lafiya ƙalau," in ji ta. "Sai ta ce numfashinta ya yi gajere, ko ƙirjinta ya soke, ko ta fara tari. Wani lokaci kafin a nemo mota an gama. Kuma kowa ya ce kwana ne ya ƙare, mai tausar ma har da ita a masu kuka."

Ban san lokacin da na miƙe zaune ba. Tafin hannuna na tuna. Ranar Lahadi da na kama ƙafar hagun na ji ta fi ta daman zafi, har na ce wa Adila ta daina kai ta kusa da garwashi. Na sa manyan yatsuna biyu a bayan ƙwaurin na tura da dukkan ƙarfina, sau ba adadi, tana cizon zani ina yi mata tsiya. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Kuma ga la'asar tana zuwa, ga Yakaka da hannunta ya fi nawa nauyi duk da tsufanta, ga abin da na ce mata da bakina.

Na fita ba sallama. A baranda na kira wayar Adila, a kashe. Na kira mai unguwa, ba ta shiga. Ƙauyenmu in damina ta yi nisa sai mutum ya hau tudun makaranta kafin waya ta kama, kuma ba wanda yake zaman tudu yana jiran a kira shi. Na kira Mukhtar mijin Adila, yana Malam Madori wurin dabbobinsa. Na ce ya nemi mota ya je bakin ruwan Guri ya tsaya, za mu kawo Adila asibiti.

"Umma, lafiya? Jiya fa muka yi magana."

"Ƙafa ce. Ka dai je."

Ban gaya masa abin da na yi ba. Na kasa.

Da na juyo, Malama Bashira tana tsaye a bayana. Na ce na san dokar, wanda ya fita an soke sunansa sai baɗi, ta soke.

"Ba zancen suna na zo ba, Mama. Wace ce?"

"'Yata."

"Kin taɓa?"

"Sau biyu. Kuma na bar sallahu a ƙara mata da la'asar."

Ta yage takarda daga littafinta ta yi rubutu a kan bango, ta ce in ba likitan da zai fara ganinta. Ta ce kar a bar ta ta yi tattaki, a ɗauko ta ɗauka. Kar a ɗaure ƙafar, kar a gasa, kar a shafa komai. In ta fara haki a zaunar da ita, kar a kwantar. Sai ta riƙe wuyan hannuna da waɗannan yatsun da na raina ta ce, "Yi sauri."

A tasha motar Guri tana da mutum uku, direban yana cin ɗanwake a inuwa kamar wanda ba shi da niyyar tashi a wannan shekarar. Na ce na ɗauki sauran kujerun, ya tashi. Ya ce sai ya gama. Abin da na gaya masa ba zan maimaita ba, amma ya bar kwanon da saura.

Da safe ban lura da tsawon hanyar ba. Yanzu kowane ƙauye sai an tsaya, wannan zai sauke buhu, wancan zai gaisa da surukinsa. A wani wuri ruwa ya hau kan titi, motoci suna bi ɗaya bayan ɗaya, muna layi ina kallon inuwar motar tana fitowa daga ƙarƙashinta tana tsawo ta gabas. Na yi ta kiran wayar da na san a kashe take. Ina addu'a, amma rabin addu'ar lissafin gida ne: yanzu an ɗora tukunyar wanka, yanzu an karyo ganyen darbejiya, yanzu Yakaka tana neman kwalbar man. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini gyaɗa, na girgiza kai. Ta dube ni ta ce Allah ya sawwaƙe, ba ta tambayi komai ba.

Daga Guri ɗan acaba ya kai ni bakin ruwa. Kwale-kwalen Ɗanladi mai fito yana tsallake, sai da na yi ta ɗaga mayafi kafin ya gan ni. Yana isowa aka kira la'asar a masallacin masunta.

Fiton nan da rani da ƙafa muke taka shi. Yanzu ruwa ne malale, kuma kacala, ciyawar nan mai tsawo da ta cinye mana hanyoyin ruwa, ta bar 'yar siririyar kafa da sai an yi ta kwana. Ɗanladi yana tura gwangwala yana ba ni labarin yadda tsuntsaye suka gama da shinkafar wansa. Na ce ya yi wa Allah ya rufe baki ya tura. Ya dube ni, ya ga ba wasan da muka saba ba ne, ya tura. A cikin kacala ba a ganin komai sai ganye da sama. A nan ne na fara jin kamar na ji kukan mata daga nesa, sai in kasa kunne, in ji tsuntsu ne. Sau uku haka ta faru.

Da muka kai gaci na ce wa Ɗanladi ya jira ni, ya kuma nemo maza biyu. Na ruga.

Gidan shiru. Tukunyar wanka tana kan murhu babu ruwa, ganyen darbejiya a zube a makewayi yana tururi. An gama wankan ke nan. Na dafa bango na isa ƙofar ɗakin Adila, sai ga Yakaka zaune a bakin ƙofar, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya, hannunta na dama naɗe da tsumma.

"Kin taɓa ta?"

"Hannu ya ƙi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Tun safe yake ciwo."

Na tsallake ta na shiga. Adila tana kwance, jaririn a gefenta, ƙafar ta fi yadda na bar ta. Ta yi mamakin ganina, ta ce ko har an ba da takardar. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai ta yi tari. Ɗan ƙarami ne, busasshe. Ta dafa ƙarƙashin nononta na dama ta ce, "Tun azahar nan yake ɗan soka na in na ja numfashi."

A kan ƙyauren ɗakin girki muka ɗauko ta, a zaune, na tallafe bayanta. Yakaka ta goya jaririn ta biyo mu, ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya iya hana ta. A cikin kwale-kwalen ina jin numfashin Adila a ƙirjina, gajere gajere, ina ƙirgawa. Tana ta ce mini ita fa lafiyarta ƙalau, abin kunya ne a ɗauke ta kamar buhu gaban maza. Mukhtar yana bakin ruwa da mota. Ana kiran magariba muka shiga asibiti a Haɗeja, na miƙa takardar Malama Bashira, likitan ya karanta ya ɗago.

"An tausa?"

Mukhtar yana tsaye, yana ji. Na ce, "Ni na tausa. Sau biyu."

Washegari da hantsi likitan ya kira mu. Ya ce hoto ya nuna gudan jini a ƙafar, kuma alamu sun nuna wani ɗan yanki ya riga ya kai huhu, amma ƙarami ne. An sa mata iska a hanci, an fara allura. Ya ce kwana uku masu zuwa su ne abin dubawa. Na tambaye shi ko tausar ce ta ɓalle shi. Ya ce ba zai iya rantsewa ba, yakan ɓalle da kansa ma. Na san sauƙi yake nema mini, ban kuma karɓa ba.

Na sami Yakaka a ƙarƙashin bishiya a harabar asibitin, tana jijjiga jaririn. Da hannun dama take jijjiga shi. Tsumman ya zame ya koma wuyan hannu, yatsun suna aiki lafiya lau.

Na zauna na ce, "Kaka, hannun ya warke."

Ta ci gaba da jijjiga jaririn.

"Ba abin da ya same shi, ko?"

"Da kika tafi na shiga na taɓa ƙafar," ta ce. "Na ji zafin. Irin wannan ba a tausa ta."

"Kin sani?"

"Na sani."

Sai a lokacin na tuna duk shekarun nan in aka kira mu ga mai jego mai kumburin ƙafa, cewa take in bar mata, in je in yi wani gidan. Ni kuma ina ɗauka rowar aiki ce irin ta tsofaffi. Ashe shiga take ta zauna, ta yi hira, ta tofa addu'a, ta fito.

"Shekara ashirin da biyu ina bin ki da kwalbar mai," na ce. "Kin koya mini yadda ake kama wuya, yadda ake juya ƙugu, har yadda ake yi wa tsoho magana. Wannan ɗaya da yake kisa shi ne kika ɓoye?"

"Da na faɗa miki, sai ki tambaye ni a ina na sani."

"To na tambaya."

Ta gyara wa jaririn hula, ta daɗe tana gyarawa.

"Halimatus Sa'adiya," ta ce.

Sunan mahaifiyata ne. Ban taɓa jin Yakaka ta kama shi ba, 'yar fari ce, ba a faɗa. Abin da na sani kawai shi ne ta rasu ina da kwana tara, zazzaɓin jego aka ce mini.

"Ƙafar hagu ce ita ma. Kwana uku ina turawa. A na ukun na gama, ina wanke hannu, ta ce Ya, haka take kirana, ɗaga ni, ba na samun iska. Na ɗaga ta. Ke kina kan gado kina barci. Ba wanda ya ce ni ce. Ni ma ban san me ya faru a ciki ba, sai jiya da na ji kina yi wa Mukhtar bayani a mota. Na dai san hannuna ne ya fara, kuma ban sake ba. Ban san ana kawowa asibiti ba, Fanna. Zama kawai na iya, in tare ƙofa."

Na so in yi mata ihu. Na so in ce da ta buɗe baki sau ɗaya, ko a ɗaki, ko da raɗa, da Adila tana gida tana shan kunun kanwa. Na so kuma in rungume ta, don na san yanzu abin da take ɗauke da shi, kwana ɗaya na ɗauka ya kusa karya ni. Ban yi ko ɗaya ba. Fushina bai tafi ba, har yau ma bai gama tafiya ba.

Ta ce, "Malamar nan taku, kowa take gaya wa?"

"Mu arba'in da uku. Har da hoto a bango."

"A gaban mutane haka?"

"A gaban mutane."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta share ido da bakin zani.

Nas ta leƙo ta ce mai jegon ta farka tana neman uwarta. Na shiga. Adila tana jingine da filo biyu, robar iska a hancinta, leɓɓanta a bushe. Ta tambayi yaron, na ce yana wurin Kaka. Ta ɗan yi murmushi, sai ta yamutsa fuska ta kai hannu wajen gwiwa.

"Umma, ƙafar nan ta hana ni sakat. Ɗan danna mini kaɗan mana, a hankali. Ba za su gani ba."

Tun tana jaririya ba ta taɓa cewa wani wuri yana mata ciwo ban kai hannu ba. Har hannun ya tashi da kansa, ya kai rabin hanya.

Na ce, "A'a, Adila."

"Kaɗan fa."

Na jawo kujera kusa da kanta, nesa da ƙafar. Na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinyoyina na zauna a kansu, ina sauraron numfashinta.